Na Je Ingila Neman Minti Goma

Tun ranar da na dawo Tudun Wada ban huta da tambaya ba. Da na zauna a dakalin ƙofar gida bayan la'asar, sai wannan ya ce in ba shi labarin sanyi, wancan ya ce wai da gaske ne Turawa ba sa gaisawa. Wani kuma ya ce shi abin da ya kasa ganewa, yaya za a ɗauki mutum a jirgin sama har Ingila don kawai agogo yana latti, ga masu gyaran agogo nan birjik a bakin kasuwa. Na maimaita har labarin ya fara sauya kama a bakina. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya, yadda ya faru.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Isyaku, ina aiki a ɗakin kwamfuta na jami'a. Da arzikin mai ya shigo ƙasar nan aka sayo mana wata ƙatuwar na'ura daga Amurka, girmanta ya kai kabad uku a jere. Baturen da ya zo harhaɗa ta kwana tara ya yi, zazzaɓi ya kwantar da shi, ya tattara ya koma. Na'ura dai tana aiki lafiya lau, mutum goma sha biyu na iya zama kowa a gaban tafiretarsa suna aiki da ita lokaci ɗaya. Aibinta guda ne: agogonta. In na saita shi ƙarfe takwas na safe, ƙarfe tara na yi sai ya ce tara saura minti goma. Kafin a tashi aiki ya yi lattin fiye da awa. Ranar Litinin kuwa sai mu tarar har yanzu yana Lahadi. Duk takardar da na'urar ta buga da lokacin ƙarya take fitowa, malaman aikin gona masu ajiye awon ruwan sama a cikinta kullum suna ƙofata da ƙorafi.

Wata bakwai muna haka. Rannan shugabanmu Dokta Aminu ya kira ni ofis.

Ya ce, "Malam Isyaku, kamfanin da ya sayar mana da na'urar ya ba mu gurbi ɗaya a kwas ɗinsa na mako huɗu a Ingila. Kai na zaɓa. Amma ba zan ɓoye maka ba, manya sun gaji. In ka dawo agogon nan bai daidaita ba, Bature za su ɗauko daga Legas su damƙa masa ɗakin, kai kuma ka koma huda kati."

Huda katin da ake shigar wa na'ura bayanai da shi ne aikin da na fara yi, shekara uku ina yi har yatsuna suka yi kanta. Na ce, "Ranka ya daɗe, in sha Allahu ba za a ji kunya ba." Na fito, alhali ko kusa ban san abin da ke damun agogon ba.

Maiɗakina Hajara ta cika mini jaka da yaji da citta da kanumfari da dambun nama, har na ce mata ai ba yaƙi za ni ba. Ta ce, "Malam, an ce mutanen can ruwa da gishiri kawai suke dafa abinci. Ka tafi da shi, ka dawo ka gode mini."

A Kwangila na shiga fijo mai zuwa Kano. Hanya cike take da manyan motocin siminti, direbanmu kuwa ya ɗauki kowace ɗaya a matsayin abokiyar gaba. Daf da Kwanar Dangora taya ta fashe, muka fito muka tsaya a inuwar wata tsamiya. Wani Alhaji ɗan kasuwa da ke kusa da ni ya tambaye ni ina za ni, na gaya masa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Agogo? Har Ingila? Malam, ka ba ni shi in kai wa yarona a Sabon Gari, kafin azahar ya gama." Na yi ta duba hannuna ina tsoron jirgi zai tashi ya bar ni. Ashe wahalar banza nake, jirgin ma da kansa sai da ya yi lattin awa biyar.

A Landan jami'in da ke duba fasfo ya tambaye ni me ya kawo ni. Na ce na zo koyon gyaran agogon kwamfuta. Ya ɗago ya dube ni, ya buga hatimi, ya ce Allah ya ba da sa'a, irin tasu addu'ar. Na kwastan ne bai yi mini da sauƙi ba. Dambun naman nan ya ɗauke shi gaba ɗaya, ya ce ba a shigo da nama. Ya buɗe gwangwanin yaji ya ce wannan fa? Na ce kayan miya ne, ina shirin cewa kada ya kai hanci, ya riga ya kai. Bawan Allah ya yi atishawa ta fi bakwai, idanunsa suka kaɗa, abokan aikinsa suna ta dariya. Ya miƙo mini gwangwanin da hannu ɗaya, ɗayan yana nuna mini ƙofa.

Garin da ake kwas ɗin tafiyar awa guda ne a jirgin ƙasa. Mai sayar da tikiti ya ce jirgina zai tashi ƙarfe goma da minti bakwai. Na yi murmushi a zuciyata, wai har da bakwai. A tashar Zariya in an ce jirgi zai zo da hantsi, ai sai ka zo da tabarmarka da abincin rana. Na tsaya ina gyara jaka, ina kallon tattabarun da ke yawo a cikin tashar, na tako a hankali. Ina isa bakin dandamali ƙofofi suka rufe, jirgi ya ja. Na ɗaga kai na dubi babban agogon tashar: goma da minti bakwai. Tun daga ranar na daina yi wa mintinsu dariya.

An sauke ni a gidan wata dattijuwa, Misis Beka, mijinta ya rasu, ita kaɗai ce sai kyanwarta. Kyanwar nan kujerarta daban, kwanonta daban, kuma an gargaɗe ni kada in zauna a wurinta. Da safe na gaishe da matar yadda aka saba, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya maƙwabta. Ta yi tsuru tana kallona kamar mai amsa tambayar ɗan sanda, can ta ce, "Da alama yau za a yi ruwa." Daga baya na gane ita ce gaisuwarsu. In ka ce da sanyi, a ce maka da sanyi, to kun gaisa ke nan.

Na roƙe ta buta. Na kwatanta da hannu, na ce abin zuba ruwa mai baki. Ta fita bayan gida ta dawo da wata ƙatuwar butar ban ruwan fure, koriya, mai baki kamar na shawa. Da ita na yi alwala mako huɗu. Abinci kuwa Hajara ta yi gaskiya: dankali dafaffe, kabeji dafaffe, kifi dafaffe, kowanne fari fat ba ruwansa da ɗan'uwansa. Na fito da yajina na barbaɗa. Misis Beka ta ce ita ma za ta ɗanɗana, na ce kaɗan dai. Ta lasa, hawaye ya zubo mata, ta shanye ruwan kofinta da nawa. Bayan kwana biyu sai ga ta ta miƙo farantinta ta ce, "Kaɗan dai, Mista Izak." Haka take kiran sunana.

Ranar Asabar na sauka, Litinin za a fara kwas ƙarfe tara. Na yi alkawari a raina ba zan sake latti a ƙasar nan ba. Na tashi da wuri, na sauko takwas saura kwata a agogon hannuna da na saita ranar da na iso, na tarar shayi ya huce, Misis Beka har ta wanke kwanonta. Ta ce ta ɗauka ba ni da lafiya ne. Ban gane ba, na kama hanya a tsanake, na isa tara saura minti biyar ina jin daɗin kaina. Ina buɗe ƙofa na ga mutum goma sha ɗaya a zaune, allo ya cika da rubutu.

Malamin, wani dattijo mai lofe da ake kira Mista Holt, ya ce, "Kai ne na Nijeriya, mai matsalar agogo?"

Na ce ni ne.

Ya ce, "Na ga alama." Aji ya fashe da dariya.

Ashe a ƙasar nan, idan sanyi ya fara ja da baya, gwamnati ce ke ba da umarni kowa ya matsa da agogonsa gaba da awa ɗaya, kuma a jiya Lahadi aka matsa. Kowa ya sani sai ni. Na zauna ina mamaki, mutane su taru su yarda cewa takwas ta zama tara, kuma babu wanda ya yi gardama. Ku gwada gaya wa ladanin unguwarmu cewa daga gobe an matso da azahar.

Wanda na zauna kusa da shi wani ɗan Pakistan ne, Rashid. Ya matso ya raɗa mini sallama, na ji kamar an yaye mini bargon baƙunta. Shi ya nuna mini mahaucin Musulmi, shi ya kai ni wani gida da aka mai da falonsa masallaci muke Juma'a, matarsa kuma ta yi mana shinkafa mai barkono har sai da na yi gumi a cikin sanyin nan.

To, bari in gaya muku abin da ya kai ni. A cikin kwamfuta akwai wani tsari da ke zaune can ƙarƙashin komai, shi ke tafiyar da na'urar. Turawa suna kiransa da sunan ƙwayar da ke cikin ɓawo, don haka ni ma ƙwaya zan ce. Ƙwaya ce ke raba wa mutane layi, kamar mai tsaron famfo: wannan ya ɗiba, ya matsa, wancan ya ɗiba. Agogon kwamfuta kuma ba shi da fuska ko hannu, bugu ne kawai kamar na zuciya. Duk bugu ɗaya sai na'urar ta ɗan dakata, ƙwaya ta ƙara ɗaya a ƙidayarta, ta duba wa ke kan layi.

A rana ta uku na ɗauki takardun da na zo da su na sami Mista Holt lokacin hutu. Ya saurare ni yana tura taba a lofe.

Ya ce, "Daga ina agogonku ke samun bugu?"

Na ce, "Daga wutar lantarki."

"Wutar Amurka sau nawa take kaiwa da komowa a daƙiƙa ɗaya?"

"Sittin."

"Taku fa?"

Na ce, "Hamsin."

Ya jawo wani ƙaton littafi mai ɗauke da rubutun ƙwaya, ya buɗe, ya ɗora bakin lofensa a kan wata lamba. Sittin ce zaune a wurin. Ya ce, "Ƙwayarku tana jiran bugu sittin kafin ta ce daƙiƙa ta cika, ku kuma hamsin kuke ba ta. Har yanzu ba wanda ya gaya mata ta bar Amurka."

Wata bakwai ina sammako ina saita agogo, ana kallona kamar wanda bai san aikinsa ba, ashe lamba ɗaya ce. Na yi dariya har da hawaye. Amma da na natsu sai na tuna wani abu, na ce masa ranar da aka ɗauke wuta muka koma janareto, wani lokaci minti takwas na'urar take latti a awa ɗaya, wani lokaci sha biyu. Ya cire lofe daga baki ya ce to, wannan ita ce tambayar da ta cancanci tikitin jirgi. Janareto ba ya riƙe gudu ɗaya, saboda haka canza lamba kaɗai ba zai fisshe mu ba. Sai an sa wa na'urar wani allo mai ɗan ƙanƙanin dutse kamar ƙarau, wanda ke kaɗawa daidai ko wuta ta yi sama ko ta yi ƙasa, sannan a koya wa ƙwaya ta riƙa bin sa. Koyon wannan ne ya cinye sauran makonnina.

A mako na uku na yi ɓarnar da har yanzu in na tuna nake rufe fuska. Na'ura ɗaya muke aiki da ita mu goma sha biyu, irin tamu sak. An ba ni dama in gwada mai da ƙwaya kan sabon agogo. Na duba na ga babu aikin kowa da ya nemi tsohon agogon da suna, na ce a raina to me yake yi mana, bari in kashe shi tukuna in kunna sabon a tsanake. Na buga umarnin. Tafiretata ta yi tsit. Na sake bugawa, shiru. Na ɗago kai na ga duk ɗakin ya yi tsit, kowa hannunsa a sama. Rashid, wanda tun safe yake shigar da aikinsa bai adana ba, ya dafe kai ya ce, "Ɗan'uwa, ka kashe mu."

Mista Holt ya taso a hankali ya duba abin da na buga. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya juya ga aji ya ce, "Ku matso ku gani, wannan ya fi duk abin da zan rubuta a allo. Ba bugu, ƙwaya ba ta farka, ba wanda za a ba layi. Shi kansa umarnin kunna sabon agogon yana nan yana jiran layin da ba zai zo ba." Ya dube ni ya ce, "Akwai agogon da ba wanda ke neman sa da suna, saboda kowa a kansa yake tsaye. Irinsa ba a kashewa don an ga kamar ba ya aiki. Ka kunna sabon, ka ga ƙidayarsa tana hawa da idonka, sannan ka saki tsohon." Ya sa na ɗauki jan biro na yi alama a gefen kowane irin wannan agogo a littafina.

Sai ya ce al'adar ɗakin ita ce, duk wanda ya daskarar da na'ura shi zai dafa wa kowa shayi, kuma shi ma ya taɓa dafawa sau biyu. Washegari na zo da citta da kanumfarin Hajara. Na watsar da irin nasu na tsoma ganye a ruwan zafi a cire, na dafa shi ya dahu, na zuba madara da sukari yadda mai shayin bakin tasha ke yi, har da ɗaga kofi sama ina shekawa. Wani Bajamushe ya kurɓa ya ce wannan ba shayi ba ne, abinci ne, ya miƙo kofi a ƙara masa. Rashid ya sha kofi uku ya ce ya yafe.

Da yamma nakan zauna da Misis Beka a falo. Tana da ɗa a gari na gaba, tafiyar da ba ta kai daga Tudun Wada zuwa Giwa ba, amma sau ɗaya yake zuwa a wata, shi ma sai ya bugo waya ya nemi izini. Ta tambaye ni mu nawa ne a gidanmu. Na ƙirga da iyayena da ƙannena da matan yayyena da 'ya'yansu, na ce goma sha tara. Ta riƙe baki ta ce, "To a ina kuke samun shiru?" Na ce, "Ba ma nema." Ta yi dariya, sannan ta daɗe tana shafa kyanwarta. Ranar da zan taho ta ba ni mayafin ulu da ta saƙa wa Hajara. Ban iya gaya mata zafin da ake yi a Zariya a wannan watan ba. Na bar mata ragowar yajin.

Allon agogon a jakar hannu na riƙo shi, naɗe cikin rawani. A Kano jami'in kwastan ya warware ya ce mene ne wannan. Na ce agogo ne. Ya juya shi gaba da baya ya ce, "Malam, ina fuskarsa?" Na ce ba shi da ita. Ya kara a kunne ya ce ba ya ko motsi. Ya kira wani babbansu, shi ma ya kara a kunne. Na nuna takardar jami'a, na fara bayanin hamsin da sittin, ban kai rabi ba babban ya ɗaga hannu ya ce, "Ya isa, Malam, ɗauki agogonka. Allah ya sa ya tashi."

Ranar Litinin na shiga ɗakin kwamfuta na tarar tun safe babu wuta, janareto ke aiki, yana ta hawa da sauka. Na ce to, gara a gwada a rana mafi muni. Na sa allon, na gyara ƙwaya, na kunna sabon agogo na zuba wa ƙidayarsa ido har na tabbata tana hawa, sannan na saki tsohon da bismillah. Tafiretoci suka ci gaba da ƙara. Ƙarfe ɗaya, da rediyo ta faɗi lokaci, na saita.

Huɗu saura kwata ɗakin ya cika, har da malaman aikin gona. Dokta Aminu ya shigo ya tsaya a bayana, ya naɗe hannun riga ya fito da agogonsa na zinare, sabo dal. Na riƙa tambayar na'ura lokaci tana bugowa. Can sai Dokta ya ce, "Huɗu ta yi. Me ta ce?"

Na duba takarda. Na ce, "Ta ce saura minti biyu, ranka ya daɗe."

Wani ya yi tsaki. Dokta ya sauke numfashi ya fara warware hannun rigarsa. Ni dai na kasa ɗago kai, na ƙura wa takarda ido, rediyo kuwa tana ta kiɗa abinta. Na sake tambaya, saura minti ɗaya. Na sake, na'ura ta buga huɗu daidai, kuma kafin tafiretar ta rufe baki kiɗan ya tsaya, mai labarai ya yi sallama ya ce ƙarfe huɗu daidai.

Ɗakin ya kaure da kabbara da tafi. Dokta Aminu ya dubi takardar, ya dubi hannunsa, ya kwance agogon zinaren nan, ya zaro maɓallinsa.

Ya ce, "Malam Isyaku, sake tambayar mini ita. A hankali, in saita nawa."